Darbejiya a Gidan Direba

Mai Ɗinki mace ce da ba ta iya roƙo ba. Ko zare ya ƙare mata, gara ta taka har kasuwa da ta aika aro a maƙwabta. Ɗakin mahaifiyarta, Inna, shi ya sa ta ajiye wannan hali a gefe.

Ɗakin yana yammacin gidan, bangonsa ne iyaka da gidan wani tsohon direba. Da rana ta karkata sai ta tasa bangon nan a gaba har faɗuwarta, ɗaki ya koma kamar tanda. Inna ga tsufa ga hawan jini, sai juyi take a katifa tana fifita. Mai Ɗinki ta sayo na'urar sanyaya ɗaki 'yar gwanjo, amma da kuɗin wuta ya zo, tsohuwar ta zare filogin da hannunta.

"Ba zan kwanta a sanyi ke kina taka keke har ƙafa ta kumbura ba," in ji Inna.

Mai Ɗinki ta yi ta lura da yadda inuwa ke tafiya a tsakar gida, har ta gane inda matsalar take. Duk bishiyar da ta dasa a gidansu, inuwarta ta yamma gabas za ta faɗa, bangon Inna ko oho. Wurin da zai yi amfani ɗaya ne tak: tsakar gidan Direba. Shi kuwa mutum ne da ko kaza ta shiga gidansa sai unguwa ta ji.

Ta rungumi ɗan dashen darbejiya a leda, ta je ta yi sallama.

"Bishiya a gidana?" in ji Direba. "Ke yarinya, inuwa taku, shara tawa?"

"Baba, sharar ma tawa ce. Kullum zan zo in share."

"Haka kowa ke cewa."

Ya yarda ne kawai don ya ga ranar da za ta gaji. Har yau bai ga ranar ba. Kowace safiya, kafin ta hau keken ɗinki, tana shigowa da tsintsiya da bokitin ruwan ɗauraya. Akuyarsa ta cinye dashen farko, bai ko ce sannu ba. Ta kawo wani, ta kewaye shi da tsofaffin tayoyi. Shi dai yana kan benci da rediyonsa, aikinsa nuni da baki: "Ga ganye can kin tsallake." Ta share, ta gaishe shi, ta fita. Haƙurin matar nan, wallahi, sai wanda ya gani.

Shekaru suka ja, darbejiya ta ƙere bango. La'asar ɗin da Inna ta fara yin barci mai nauyi, Mai Ɗinki ta tsayar da keke don kada ƙararsa ta tashe ta, ta zauna hannu a cinya, daɗi ya cika ta. Fanka kaɗai ta riƙa isar ɗakin. Maƙwabta da suka gani, kowa ya fara lallaɓa maƙwabcinsa na yamma da dashe a leda.

Ana nan sai ɗan Direba ya dawo gida da shirin aure. Wata safiya ta shigo da tsintsiya ta tarar da shi da magini suna awo a gindin bishiyar, ga gatari a jingine.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji saurayin. "Ɗaki zan gina a nan."

Me za ta ce? Ko taku ɗaya na filin ba nata ba ne.

"Gidanku ne," ta ce.

Direba ya kashe rediyo.

"Kai, ɗauke gatarin nan. Ka yi gininka ta can bakin ƙofa."

"Haba Baba, can ai ya matse."

"Ya matse ɗin. Tsohuwar nan ta bayan bango, a da nishinta nake ji kowace la'asar, har shayi ba ya shiga mini. Yanzu munsharinta nake ji. In dai ina numfashi, ba mai tashe ta."

Ya juyo ya dubi Mai Ɗinki. "'Yata, yi aikinki."

Ta sunkuya ta hau shara, ta yi ta maimaita wuri ɗaya, don kada su ga idonta.