Ranar da Inna ta kira sunan ɗan farinta

Yayana ɗan fari ne, don haka tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "Wancan yaron" take cewa, tuwonsa ma ni take ba in kai masa. Haka kunya take a ƙauyenmu na ƙasar Bazaga, ba wanda ya ga laifinta.

Yana da shekara goma sha huɗu ya fara waiwaye yana amsa kiran da mu ba mu ji ba. Ya daina wanka, ya ce akwai mutane cikin rumbu suna zancensa. Anka yi rubutun sha, anka yi turare, shiru. Ranar da ya tasam ma rijiya don mutanen da yake ji sun ce ya faɗa, Baba ya sa ƙafarsa a turu yana hawaye.

Kawu, mai aiki a ma'aikatar siminti ta Malbaza, ya ce wallahi ba a barin yaro ya ruɓe jikin itace. Shi ya samo muna wuri a motar siminti zuwa gidan likita a Ƙonni.

Ban taɓa ganin irin wannan likita ba! Babban mutum, sai ga shi zaune a ƙasa gaban yaron da kowa ke gudu.

"Samari, me suke ce maka?"

Mu duk zamanmu ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Sunana suke kira," in ji Yaya. "Sun ce matar nan ba uwata ba ce, tunda ba ta san sunana ba."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Likita ya yi kwanaki yana lura da shi, sannan ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba iskoki ba, kuma ba kunyar Inna ta kawo shi ba. Ya ba da ƙwayoyi, a riƙa komowa duk wata. "Magani zai rage musu murya," ya ce da Inna. "Amma in sunka yi shiru, ya kamata ya ji wani na kiransa."

Anka cire turu. Yaya ya yi ta barci, hannunsa na rawa. Ya bar rijiya, amma mu ma ya bar mu, sai zama gindin gawo ba ya amsa kowa. Na ji tsoro ƙwarai, na ce ya tafi ke nan.

Wata safiya Inna ta dama fura, na miƙa hannu in karɓa, sai ta wuce ni. Ta tsaya bayansa da ƙwarya, ta kira sunansa a gaban Baba da kowa. Tsigar jikina ta tashi, har yau in na tuna sai ta tashi.

Bai waiwaya ba. Ni ya duba, ya ce a hankali, "Ke ma kin ji?"

"Na ji, Yaya. Inna ce."

Ya juya, ya daɗe yana kallonta.

"Na'am, Inna."