Ruwan Tafkin Kwale-kwalen Yara

Lokacin da na fara aiki a wani wurin wasan yara da ke bakin teku a Brooklyn, ban cika wata huɗu a New York ba. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda muke sallah masallaci ɗaya a unguwar Tremont da ke Bronx, shi ya kai ni. Baba nake ce masa. Shi ne makanikin wurin, shekara tara yana gyara musu lilo da injuna, mai wurin kuma ya yarda da shi har ya zama duk wanda ya kawo ba a yi masa dogon bincike. Kowace shekara in zafi ya shigo, sai ya ɗauki sabon zuwa ɗaya ko biyu daga masallaci ya sama musu abin yi. Ranar farko, muna cikin jirgin ƙasa, ya ce da ni, "Ɗan Damagaram, ba ni da komai a garin nan sai sunana. Da shi nake kawo mutane. Ka riƙe mini shi da kyau."

Aka ba ni tafkin siminti mai ƙananan kwale-kwale masu inji, inda yara ke karo da juna suna ihu. Nawa shi ne in ɗaura musu rigar ruwa, in kuma jawo wanda injinsa ya mutu da doguwar sanda.

Ni kuwa mutum ne mai tambayar tsiya. Me ya sa ɗaruruwan ƙwayayen lantarki ke ci da rana tsaka? Baba ya ce lilon da babu wuta a jikinsa, iyayen yara sai su ɗauka ya lalace su wuce. Me ya sa ba a kashe famfon da ke juya ruwan, ko da babu yaro ko ɗaya? Ya ce in ruwan ya tsaya kwana biyu sai ya yi kore. Mai wurin kullum yana ƙorafi kan wutar da famfon nan ke sha, amma ban taɓa ganin ya kashe shi ba, don akwai wata ma'aikaciyar hukuma da ke faɗowa babu sanarwa, da jakar ƙananan kwalabe. Ita ma na so in yi mata tambayoyi, Turancina ne bai kai ba.

Da sanyi ya fara kunno kai aka rufe wurin, Baba ya bayyana mini yadda ake rabuwa da ruwan. A bar shi mako guda maganin da ake zubawa ya fita, a shimfiɗa wasu fararen tsummoki su tsotse man injin, matar nan ta zo ta gwada, sannan a sake shi ta bututu guda ɗaya tak. Ba a zuba shi ƙasa, ba a zuba shi kwatar titi.

Na ji duka, amma abin da ya zauna mini a kai shi ne za a zubar da tafki guda na ruwa. A gidan da na tashi, ruwan da aka wanke hatsi na akuya ne, na wanka kuma ya gangara gindin bishiya. Raina ya ɓaci sosai, kamar ni za a yi wa asarar.

Bayan shingen wurin akwai wani fili da wata tsohuwa ta mayar lambu, tumatir da barkono da kabewa. Duk safiya ina ganinta tana sauko da bokiti biyu daga benensu, tana hutawa a hanya. Ba ma jin yaren juna, hannu kawai muke ɗaga wa juna. Sai na ɗauki tiyo, na tsoma baki ɗaya a tafki, na zura ɗayan ta ƙarƙashin shinge, na zuƙa har ruwa ya taho. Kwana uku ina yin haka kafin kowa ya iso. Tsohuwar ta miƙo mini barkono cike da leda, na tafi gida ina jin kaina mutumin kirki.

Ranar da ma'aikaciyar ta zo, kafin ma ta buɗe jakarta ta tsaya tana duban bangon tafkin. Ashe akwai alamar da aka zana, ruwan kuma ya sauka ƙasa da ita da kamar yatsu huɗu. Ta ce rana ba ta shan ruwa haka a sati guda, tafkin yoyo yake yi cikin ƙasa, sai an fasa siminti an duba. Ta tambaya ko an taɓa gyara shi. Baba ne ya liƙe wata tsaga a farkon shekara.

Mai wurin ya juya kan Baba da faɗa a gaban kowa. Ban gane rabin maganar ba, amma na gane yatsan da yake nuna masa. Baba ya waiwayo gare ni ya ce a hankali, "Da hannuna na yi patching ɗin nan, wallahi ba ya leaking." Ina riƙe da tsintsiya, na yi shiru. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Sai da mutumin ya ce Baba ya ajiye makullansa, sannan bakina ya buɗe, na ce ni ne na janye ruwan zuwa lambu.

Ma'aikaciyar ba ta yi faɗa ba. Ta sa na nuna mata inda tiyon ya bi, ta ɗebi ruwan a kwalba, ta ɗaga wa rana ta ce in duba. Sai ga wani siririn maiƙo mai launi-launi yana yawo a sama. Duk watannin nan ina tsaye a bakin tafkin ban taɓa lura da shi ba. Ta ɗebi ƙasar lambun ita ma, aka kuma sa wani ya gaya wa tsohuwa kada ta ci abin da ke ciki. Ina kallo ta fara tuge tumatirinta tana tarawa gefe, ba ta dube ni ba.

Ni dai aka sallame ni. Baba aka mayar masa da makullansa, amma mai wurin ya ce daga yau shi zai riƙa zaɓen ma'aikatansa da kansa.

Tafiyar gida ta fi awa ɗaya, da muka shiga Bronx Baba ya juyo gare ni. "Ka faɗi gaskiya, na gode," in ji shi. "Amma ka bari sai da ya gama zagi na tukuna."

Da zafi ya dawo, wata Juma'a bayan an idar da sallah, samari biyu sabbin zuwa suka tare shi a ƙofar masallaci, an gaya musu shi ne mai hanya. Ina gefe ina saka takalmi. Ya ce musu bana babu, su yi haƙuri. Suka tambaye shi dalili, ya ce haka Allah ya so. Har ya koma Kumasi ban ji ya faɗa wa kowa cewa ni ne ba.