Jakar da Ta Shiga Hoton Malam Bilal

Duk wanda ya yi aure a Tawa cikin shekara talatin ɗin nan, ko ya ci jarrabawa, ko ya dawo daga Abijan da sabon agogo, da wuya in bai taɓa tsayawa gaban ruwan Malam Bilal ba. Ruwan ba na sha ba ne. Labule ne, ƙato, rataye a bangon shagon hotonsa da ke bayan babbar kasuwa: wani ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse, a ƙasa ga tsibiri kore shar, ga wasu tsuntsaye biyu masu dogon wuya sun haɗa baki, irin waɗanda ba a taɓa gani a nan ƙasar Adar ba. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo masa shi daga Kano tun yana saurayi, shi ma bai san ruwan wace ƙasa ne ba.

Malam Bilal gajere ne, mai ɗan tumbi da sanyin murya. A gida ko kaza ba ya iya kora daga kan tabarma, sai matarsa Rahamatu ta taso. Amma da zarar ya sa ido a kyamara sai ya koma soja. "Ɗaga haɓa. Sauke kahwaɗa. Kai mai jar hula, hita daga hoto. Kar a motsa!" Ya taɓa sa wani babban ma'aikaci ya cire alƙaluma uku daga aljihun gaba kafin ya yarda ya ɗauke shi. Dokarsa guda ce, kuma da ita ya ci abinci shekara talatin: abin da ba a kira ba, ba ya shiga hoto.

Bencin ƙofar shagon kuwa na Mushe Iliya ne, malamin makaranta, mutumin Gaya (Mushe ake ce wa malaman boko a nan). An turo shi Tawa ya yi shekara biyu, ya yi ashirin da biyu. Kullum da la'asar in an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, nan yake zama, ran Lahadi kuma daga coci ya biyo. Aikinsa ɗaya a bencin nan, tsokana.

"Ba'adare, ruwanku ke nan duka?" sai ya nuna labulen da baki. "Shi ma na aro. Mu a Gaya kogi ne ke gaishe mu da safe."

"Kogin ne ya hana ka komawa shekara ashirin?"

"Tausayinku nake ji. In na tafi wa zai ba ku labarin ruwa?"

Ana gobe Layya wani mutum ya kawo ragonsa a ɗauke su tare. Malam Bilal yana can yana gyara wa mai ragon hula, rago ya waiga ya ga kore shar a bango. Kafin a ankara ya kafa ƙaho ya ja, labulen da ya riga ya tsufa ya yage tun daga sama har ƙasa. Rabin tsibirin a bakinsa aka ƙwato.

A wannan makon ne kuma Mushe Iliya ya zo da takardar ritayarsa. Ƙarshen Satumba zai kwashe iyalinsa su koma Gaya.

"Saura hoton bankwana," ya ce, yana duban yagaggen labulen. "Amma gaban me zan tsaya? Rago ya shanye tekun Adar."

Masu zaman benci suka fashe da dariya. Malam Bilal bai yi ba. Shi kansa bai san ko tsokanar ce ta yi masa zafi ko tafiyar ba.

"Mushe," ya ce, "ba ka barin Tawa sai ka tsaya gaban ruwan Adar na gaskiya, wanda na ɗauko da hannuna."

"Na ji, shaidu ma sun ji. Ina yake?"

Nan ne fa gizo ke saƙa. Malam Bilal bai san inda yake ba.

Wata tsohuwa ce ta fisshe shi, Inna Zuwaira, mai kawo cuku kasuwar Lahadi daga wata ruga bayan Kalfu. Ta zo hoton katin ɗan ƙasa, ta tsaya tana duban ragowar labulen.

"Wanga ai irin namu ne," ta ce. "Sai dai namu ja ne, kuma babu agwagin nan."

Ya kusa sakin kyamara. Ta ce masa akwai wani dutse bayan rugarsu da makiyaya ke kira Tsiyaya. Shekara duka busasshe ne ƙayau. Amma da damina, in aka yi ruwa mai ƙarfi can kan fako, ƙorama takan taho ta faɗo daga samansa, tsawon mutum biyar, ta zagaye wani tudu mai bishiyar aduwa. Sai dai ba ta daɗewa.

"Kamar yaya, Inna?"

"Kamar a dama hura a sha."

Tafiyar farko ba ta da labari. Ya jira aka yi ruwa a Tawa, ya jira aka ɗauke, ya sa farar shaddarsa mai sitati kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya hau tsohon babur ɗinsa. Ya tarar da dutse jiƙaƙƙe da kwaɗi. Ya dawo da laka har gwiwa. Rahamatu ta dubi shaddar, ta dube shi, ta kawo bokiti ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

Daga nan ya gane ba a bin ruwan nan a baya, gabansa ake sha. Ya shiga rufe shago duk ranar da ya ga gabas ta yi duhu, ya je ya zauna a gindin dutse da butarsa da ƴar jakar dabino. Sau shida yana zuwa yana dawowa da ƙura. Mutane suka fara cewa mai hoto ya koma kiwo. Mushe Iliya kuwa kullum da tambayarsa: "Yau an ga kifi?"

Ran nan, tsakiyar Agusta, wajen azahar, yana gyangyaɗi sai ya ji wani ruri kamar babbar mota tana hawan tudu. Ya ɗaga kai. Ruwa ne, ja kamar kunun dawa, ya leƙo daga kan dutsen ya saki jiki gaba ɗaya. Ƙasa tana rawa. Kafin ya kafa ƙafafun kyamara ruwan ya rabu biyu ya zagaye tudun, ga tsibiri, ga aduwa a tsakiya. Ya sa ido a kyamara.

Sai ya ga abin da ba a kira ba.

A kan tsibirin, daidai tsakiyar hoto, wata jaka ce tsaye, tsohuwa, kunne ɗaya a karye. Bayanta wani raƙumi ramamme ya sauke dogon wuyansa ya ɗora haɓa a kan gadon bayanta, kamar mai jiran a yi masa aski.

"Kai! Ku hita daga hoto!"

Ba su fita ba. Ya ɗaga hannu, ya yi tafi, ya cire hula ya kaɗa. Ya bar kyamara ya gangara bakin ruwa yana jifa da ɓurɓushin laka, yana "Shit! Shit!" Jakar ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. Ya zaga ta hagu ko zai sami inda ba su fito ba, wuyan raƙumin ya biyo shi. Ya zaga ta dama, kunnen jakar ya shigo. Yana cikin wannan kai da kawowa ya ji rurin ya fara sanyi. Ya ruga ya koma kan kyamara, ya tarar ruwan ya zama kamar ana tsiyaya daga buta. Shekara talatin bai taɓa danna hoto da baƙo a ciki ba, ranar ma hannunsa ya ƙi.

Inna Zuwaira tana kan wani dutse da ƙwaryarta, ta ga komai.

"Mai hoto, mi sunka yi maka?"

"Sun ɓata min aiki, Inna. Na wane ne su?"

"Nawa ne. Kuma da kana da hankali, gaishe su za ka yi."

Ta zauna ta ba shi labari. Raƙumin makaho ne, shekara huɗu ke nan. Da idonsa ya mutu an so a kai shi mahauta, sai aka ga kullum yana bin jakar nan, haɓarsa a bayanta, ita ke kai shi kiwo, ita ke kai shi rijiya. In ta tsaya ya tsaya. In aka ɗaure ta ba ya cin komai. Shi ya sa aka bar su.

"Kai kana duban sama, sama tana yi maka ƙarya," ta ce. "Ruwan Tsiyaya ba nan aka yin shi ba, can nesa ne bisa hwako. Ita wagga tana jin shi tun bai iso ba. In ka ga ta bar ciyawa ta ja makahonta sun hau tudu, to kahwa abinka. Mu da ita muka sanin lokacin kwashe awaki."

Wato wadda ya yi ta jifa da laka ita kaɗai ta san lokacin.

"To in sun hau, Inna, yaya zan hid da su daga hoton?"

Tsohuwar ta dube shi kamar yadda Rahamatu ta dubi shaddar.

Damina ta fara ja da baya. Gero ya yi kai, hadari ya rage zuwa. A gidan Mushe Iliya matarsa Rebeka ta fara ɗaure tukwane cikin buhu. Wata la'asar Mushe ya zauna a benci bai yi tsokana ba.

"Bilal, bar wahalar nan. Farin bango ma ya isa. Wasa nake yi."

"Ni ba wasa nake ba."

"Shekarunka sittin ba biyu, kana yawo a kwazazzabo."

"Ka ɗaure kayanka, Mushe. Ka bar min nawa."

Yanzu kullum yake zuwa, ko da hadari ko babu. Ya ajiye shadda ya koma tsohuwar riga. Ya daina duban sama, jaka yake kallo. Ya san inda take fara kiwo, ya san yadda take jira in raƙumin ya yi tuntuɓe, ya san ba ta son a zo mata ta gefen karyayyen kunnen. Har ƙaiƙayi ya riƙa kawo musu a bayan babur, yana ce wa Rahamatu na wani abokin aiki ne.

Ranar sha tara ga Satumba sama ta yi fari tas, rana tana dukan dutse. Ba wanda zai ce za a ga ɗigon ruwa. Wajen ƙarfe uku jakar ta ɗaga kai daga ciyawa, ta miƙe kunnenta mai lafiya wajen arewa. Ta juya. Raƙumin ya lalubo bayanta ya ɗora haɓa. A hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, suka hau tudu.

Malam Bilal ya kafa kyamara a busasshen wuri, gaban busasshen dutse, yana jin kansa kamar mahaukaci. Minti goma. Sha biyar. Sai rurin ya taso.

Ya fi na farko. Ruwan ya faɗo ja wur, feshinsa ya tashi rana ta ratsa shi, ƙorama ta rungume tudun ta kowane gefe. A tsakiya ga aduwa, ga su biyun. Raƙumin ya firgita da ƙarar, ya ja wuya sama. Jakar ta matsa baya kaɗan har jikinta ya taɓa ƙirjinsa, shi kuma ya sauko da kai ya kwantar a wuyanta.

"Kar a mo..." Malam Bilal ya fara, sai ya cije leɓe. Ya danna. Ya sake dannawa. Bai san sau nawa ba, sai da ruwan ya koma tsiyaya ya lura ƙorama ta tafi da hularsa.

A Yamai aka buga masa hoton a kan babban tamfol, ya iso cikin motar fasinja saura kwana biyu tafiyar. Aka rataye shi inda tsohon labulen yake. Rahamatu da Rebeka suka zo, masu zaman benci suka cika ƙofa. Mushe Iliya ya shigo da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya tsaya gaban bangon ya daɗe yana kallo.

"Ruwan ja ne," ya ce daga baya.

"Na Adar ne. Haka muke da shi."

"Ba kifi."

"Tsaya nan, Mushe. Ɗaga haɓa."

Rahamatu ta karkata kai tana duban jakar da raƙumin. "Ni dai Maman Sila," ta ce wa Rebeka, "shekara ashirin ina ganin waɗannan biyun a ƙofar shagon nan. Wanne ne naki a ciki?"

"Mai dogon wuyan," in ji Rebeka. "Ba ki ga surutu a fuskarsa ba?"

Ana cikin dariya Mushe Iliya ya miƙa hannu ya jawo Malam Bilal gefensa, ya ce a ba Rahamatu kyamarar.

"A'a, Mushe, ni ba a kira ni ba."

"Na kira ka. Tsaya."

Rahamatu ta sa ido a kyamara, karo na farko a rayuwarta, ta gyara tsayuwa.

"Malam," ta ce, "sauke kahwaɗa. Shigar da tumbin nan. Kar a motsa!"

Bai motsa ba.