Yarinyar da Aka Bar Min a Cinya

Mu a Gombe jirgin ƙasa sai dai mu tsallaka layinsa. Abin da ke kai mu aiki wata tsohuwar bas ce da ke tashi daga Pantami zuwa babbar kasuwa da sassafe, kuma fuskokin cikinta kusan ba sa canzawa. Akwai wani dattijo mai rediyo da ke ba ni haushi, don ba ya rage murya. Akwai wata mai kwandon tumatir da ke rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Sai wata mai goyo da 'yarta da ba ta wuce shekara uku ba. Ban san sunan kowa ba, ban kuma taɓa ganin dalilin tambaya ba.

Mai goyon a bakin ƙofa take zama, yarinyar kuwa a miƙo ta baya, duk wanda cinyarsa ba kaya ya karɓa. Ni ba na ɗaukar komai, saboda haka kullum ni ne kujerarta. Ta sha goge min majina a riga.

Ran nan wani ya ce zai sauka a hanya. Mai goyon ta sauka don ya samu ya fita, kamar yadda na bakin ƙofa kan yi. Ashe wurin an hana tsayawa. Direba na hango masu kama motoci sun nufo shi, sai ya figi mota, ƙofa a buɗe. Na waiga na ga uwar tana bin mu a guje, goyo na tsalle a bayanta.

"Direba, tsaya! 'Yarta na nan!"

Ko a jikinsa. Muka yi ta dukan jikin mota, na zage shi tas, bai taka birki ba sai a bakin kasuwa. Ya zube mu ya ƙara gaba.

A nan yarinyar ta gane babu uwarta. Ta ƙwalla ƙara, tana dukan ƙirjina, tana neman zamewa. Lokacin kuwa garin ba shi da zance sai na satar yara. Kafin in ankara 'yan dako da masu shaguna sun kewaye ni.

"Malam, 'yarka ce?"

"A'a, a mota aka…"

"Yaya sunanta?"

Wata da watanni ina riƙe yarinyar nan, ban san sunanta ba. Wani ƙato ya durƙusa ya tambaye ta ko ta san ni. Ta girgiza kai tana kiran mama. Ya miƙe ya caƙumi wuyan rigata. Ta gefen ido na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Mai tumatir ce ta dire kwandonta ta shiga tsakani.

"Ku sake shi mana! Motarmu ɗaya kullum. Mamanta na zuwa."

"Ke wa ya san ki? Ƙila ma tare kuke."

Sai dattijon ya kutso, rediyo na ta surutu a hammatarsa.

"Ɗana, har da ni za ka haɗa? A gabana aka miƙa masa ita."

"To Baba, waye shi? Ɗan gidan wa?"

Dattijon ya dube ni. Shi ma bai san ko ni waye ba. Amma bai gusa ba, ya dafa kafaɗata ya tsaya.

Can sai ga ɗan acaɓa ya ci birki, uwar ta diro da takalmi ƙafa ɗaya. Ta fizge 'yarta ta rungume, tana shafa ta ko'ina. Ƙaton dai bai sake ni ba.

"Baiwar Allah, kin san mutumin nan?"

Ta ɗago tana haki, ta zuba min ido. Nan take na yi kalmar shahada a zuciyata.

"Ban san sunansa ba," ta ce. Hannun ƙaton ya ƙara shaƙe ni. "Amma ni na ba shi ita. Kullum ni nake ba shi."

Ƙaton ya sake ni, har da gyara min wuyan riga, wai in yi haƙuri. Mai dutse ya yar a kwata, kowa ya kama gabansa kamar ba a yi ba. Na lallaɓa na isa shagon ɗinkina, amma har aka kira azahar ban iya zura zare a allura ba.