Ya Tashi, Ummi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Idrisa, amma har yau in na wuce wani shago a unguwarmu ta Mansur na hango ƙarti suna gudu a kan ciyawa cikin talabijin, sai na ɗan tsaya ko zan gan shi. Ba na ganinsa, don nan garin ƙwallon ƙafa kawai aka sani. Shi kuwa zari-ruga ya buga, irin ta mutum goma sha uku a kowane ɓangare, kuma shekara goma sha ɗaya da ita yake ci yake sha a kudancin Faransa.

A nan Makka aka haife mu, iyayenmu ta Chadi da Sudan suka biyo. Ummi, mahaifiyarmu, waina take soyawa a ƙofar gida. Idrisa tun yana saurayi arabiyya yake turawa a Harami, keken nan da ake ɗora tsofaffin alhazai a kai su Safa da Marwa. A nan ya samo kafaɗun da sai ya karkace yake shiga ɗakin Ummi. Da maganar iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kawunmu da ke Faransa ya nema masa hanya ya tafi. A can wani mai horar da 'yan wasa ya gan shi yana sauke buhuna a kasuwa, ya ce ya zo fili a gwada shi.

Ranar da kaset ɗinsa na farko ya iso, Ummi ta gayyato maƙwabta, ta dafa shayi, ta yafa sabon mayafi. Ba a yi minti biyu ba aka jefa wa Idrisa ƙwallo, ya ruga, wasu ƙarti uku suka tare shi, suka maka shi da ƙasa, suka danne. Ummi ta yi salati ta miƙe tsaye. A saninmu na Mansur, in ka ga mutum yana gudu an bi shi an danne, to takardu ne ba shi da su. Ita ta ɗauka kamen ne ya bi ɗanta har Turai, a gaban jama'a kuma.

Da ƙyar na zaunar da ita na karanta mata wasiƙarsa. Haka wasan yake: in an kayar da kai sai ka tashi, ka tura ƙwallon baya da ƙafa ga abokin wasanka, a ci gaba. Ummi ta ce ita ba ta taɓa jin sana'ar da ake biyan mutum don a yi ta nana shi da ƙasa ba. Ta juya wa talabijin baya.

Daga ranar haka muke kallo. Ba ta yarda a sa kaset ba ta nan, ba ta kuma yarda ta duba. Tana zaune ta ba da baya, carbi a hannu, da ta ji 'yan kallo sun ɗauki sowa sai ta ce, “Ya tashi?”

Ni kuma in ce, “Ya tashi, Ummi.”

A sahun gaba yake wasa, cikin masu karo da ƙirji, don haka tambayar ba ta ƙarewa. Ga shi ba gwanin gudu ba, sai a shekara bai kai ƙwallo bayan layi ba. Nakan tsokane shi a waya in ce arabiyya ce har yanzu yake turawa, alhajin ne kawai babu.

Abin yana damunsa ƙwarai. Duk tafin da ake masa a can, burinsa ɗaya ne, Ummi ta gan shi yana wasa ko sau ɗaya. Da ya zo umara da fasfo ɗinsa na Faransa, shi ya tura ta a arabiyya, ina biye da su. A kan hanyar fita ya sunkuya ya sake roƙonta. Ta ce, “Shekara biyu ina goyonka ban yar da kai ba. Ba zan zuba ido wasu suna yar da kai ba, halas, magana ta ƙare.” Ya yi dariya, amma na ga idonsa ya kaɗa. Na ji haushin Ummi ranar, har na kwana biyu ina mata ciccin magani.

Nakan ce da zai leƙo yau, da ya ga kekunan lantarki suna ɗiban tsofaffi a inda ya zubar da guminsa, da ya yi tsaki ya ce ta ina samarin yanzu za su samo kafaɗa. Unguwar Jarwal ma, kusa da Harami, sai ya tambayi hanya saboda otal-otal ɗin da aka gina. Amma abin da zai fi ba shi mamaki yana cikin ɗakin Ummi.

Shekara uku bayan ya daina wasa, ya yanke jiki ya faɗi a filin da yake horar da matasa. Zuciya ce. Kawu ya kira ni bayan la'asar, Ummi tana wanke tandar waina. Na rasa ta inda zan fara, na ce mata Yaya Idrisa ya faɗi a fili. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Ya tashi?” Shirun da na yi ne ya sanar da ita. A can aka binne shi.

Da shekara ta zagayo, da kanta ta ce in nemo kaset ɗin farko. Na riga na sa an juye mini shi a waya. Ta gyara zama, ta fuskanci hoton, ta kafe shi da ido. Aka kayar da shi, aka danne, sai ga shi ya miƙe yana gyara riga kamar ba shi ba. Ta ce ashe haka yake saurin tashi, me ya hana mu gaya mata. Na ce shekara goma sha ɗaya ina gaya mata. Muka yi dariya, muka yi kuka.

Lambobin yabonsa suna Faransa, rigarsa tana cikin akwatina, sunansa kuwa ba na jin akwai mai tunawa a can ban da tsofaffin abokan wasansa. Abin da ya bar mana a Mansur shi ne wannan kallo da ya roƙa bai samu ba yana raye. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Bana ma mun kalla, ni da Ummi. Idona ne ya kasa tsayawa, na sunkuyar da kai daidai lokacin da suka danne shi. Sai na ji hannunta a kan gwiwata.

Ta ce, “Ɗago ki gani. Ya tashi.”