Agwagin Tafkin Yayana

Na'urar wasan bidiyon da ke ɗakinmu a Dala ta yayana ce. 'Yar gwanjo ya sayo, ya ɗora ta kan akwatin ƙarfe kusa da talabijin, ya hana ni taɓawa sai yana nan. Halinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba. Ni ko shayi ba na iya jira ya huce, shi kuwa faifai ɗaya ya shekara biyu yana bugawa bai kai ƙarshe ba. Wasan na wani matafiyi ne da aka aika ya ceci gari, amma a hannun yayana sai dai garin ya yi haƙuri. Ya sa wa mutumin shuɗiyar riga, ya kai shi bakin wani tafki mai agwagi, ya bar shi yana kamun kifi. Yakan kira Umma ta zo ta gani, don ita a gaɓar Tafkin Chadi aka haife ta, ta zauna tana kushe yadda mutumin ke jefa ƙugiya.

Wata safiya ya fita kai kaya kasuwar ƙauye, bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu sami wanda ya gan shi ba. A shekarun nan irin wannan labari ba ya tara jama'a, kowane layi da nasa.

Bayan wata biyu Umma ta fara shigowa ɗakinmu duk Juma'a in an sauko daga masallaci, ta ce in kunna mata. Ba ta karanta Turanci amma ta san lambobi, kuma kafin wasan ya buɗe, ajiyar da yayana ya yi wa wasansa takan nuna rana da sa'ar da ya tsaya, wato yammacin jajiberin fitarsa. Sai ta dubi lambobin, ta dubi mai shuɗiyar riga a tsaye inda aka bar shi, agwagi na kai da komo a gabansa. Ba ta kuka. Minti goma ta miƙe ta koma kicin.

Ni a lokacin ina da shekara goma sha tara, an rufe makaranta, dokar hana fita tana kora mu gida tun rana na sama. Zaman banza ya ishe ni. Wani abokina mai gyaran na'urori a unguwar Moduganari ya nuna mini bidiyo a wayarsa: wasu mutane suna tseren gama wannan wasa, wanda ya fi sauri shi ne gwani. Abin da yayana ya shekara biyu a kai, su rabin awa ya ishe su. Sirrin wani bango ne a bayan rumbu, in ka san inda za ka yi tsalle sai ka ratsa shi ka faɗa kusa da ƙarshen wasan. Waɗanda suka ƙera wasan sun toshe wannan kafa a gyaran da suka turo ta intanet, wanda yayana ya sauke tun tuni. Mai son tsere dole ya goge gyaran, ya koma tsohon zubi da ke kan faifai.

Abokina bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ajiyar da aka yi da sabon zubi ba za ta buɗu a tsohon ba, kuma da yake an yanke layukan waya a gari, in na goge gyaran ba ni da inda zan sake samo shi. Ya ce in jira ya aro mini filashi in kwafe ajiyar tukuna. Na ce masa to.

Ina isa gida aka kawo wuta. Ban jira ba. Na goge gyaran, na sa faifai, sai rubutu ya fito: ajiyar da ke nan ba ta buɗuwa, in an fara sabon wasa zai hau kanta. Gurbin ajiya ɗaya ne tak. Da ma ban iya Turanci ba, da na sami abin faɗa wa kaina. Sau biyu na karanta, na gane sarai, na danna.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne daɗin da na ji. Da na ratsa bangon nan sai da na yi tsalle a tsakar ɗaki. Kwana uku ina yi, na sauko zuwa minti talatin da ɗaya, babu wanda ya gani sai ni da agogon waya. Ranar Litinin na ji Umma a tsakar gida tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa ɗanta ya bar mata mutum a bakin ruwa, yana jiransa ya dawo su ci gaba.

Maimakon in je in faɗi gaskiya, sai na shiga ɗinke ɓarna da ƙarya. Na mayar da agogon na'urar baya zuwa wancan yammacin, na fara wasan daga farko. Babu gajeriyar hanya zuwa tafkin, dole na bi ta inda yayana ya bi, na yi wa tsoffin ƙauye aike, na nemo rigar, na koyi ƙugiya. Ban taɓa yin wasa a hankali haka ba. Ranar Alhamis na tsayar da mutumin a gurbinsa, na sake daidaita agogo, na ajiye. Lambobin suka fito daidai. Sai a sannan na lura ruwan fayau yake. Ashe agwagin a cikin gyaran suka zo, tsohon zubi ba shi da su.

Juma'a ta zo, wuta ma ba ta yi mini gatan ɗaukewa ba. Umma ta zauna bakin katifa, ta dubi lambobin ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon tafkin.

"Ina agwagin?" ta ce.

Na ce, "Sun tashi, Umma."

Can ta ce, "To, su ma."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Da ba ka kula mini da shi, da shi ma ya tafi."

Na ce amin. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, duk Juma'a ina kunna mata.