Ƙaiƙayin Gero da Kujerar Karanta Labarai

Assalamu alaikum. Masu tambayar inda na shige tun bayan kaka, ga amsarku. Ido ne ya kwantar da ni, kuma sai yanzu likita ya yarda in kalli waya.

Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo a nan Dutse. Mai wannan aiki idonsa ne jarinsa.

Na je gida Miga ana sussukar gero. Ina tsaye kusa da mata masu shiƙa, iska ta juya, ƙaiƙayi ya faɗa mini a idon dama. Mahaifiyata, Inna, ta hura mini. Da ja ya ƙi tafiya, ta aika gidan maƙwabta aka tatso nonon wata mai jego aka ɗiga. Haka ake yi a gidanmu tun muna yara, ni ma ban musa ba.

Da na dawo unguwarmu Takur a Dutse na sayi maganin ɗigawa a kemis. Jan ya ragu, na ɗauka an gama. Bayan mako guda na tashi da farin ɗigo a kan baƙin idon, haske kuma kamar ana soka mini allura.

A asibiti likita ya ɗiga wani ruwa mai launi, ya haska, ya kankari wurin aka kai gwaji. Ya ce gyambo ne, funfuna ta shiga ta inda ƙaiƙayin ya karce, maganin kemis ɗin kuma abinci ya zame mata.

Na ce, "Likita, zan sake karatu?"

Ya ce, "Malam, bari mu fara ceton idon tukuna."

Magani kowace awa. Wani ma sai an aika Kano, kuma albashina bai ji daɗinsa ba. Babu littafi, babu waya, domin idon mai lafiya ma hawaye yake in ya ga haske. Daga ɗaki mai labule sai bencin asibiti.

A wurin aiki aka ba Madam Rahila kujerata. Tare muka fara aiki da ita, 'yar Filato ce, a sashen shirye-shirye take. An ce riƙon ƙwarya ne.

Na fi jin zafin wannan fiye da gyambon. Kullum in lokacin labarai ya yi sai in kara rediyo a kunne ina jiran ta yi tuntuɓe. Ba ta yi. Sunayen ƙauyukan Jahun da baƙi ke karya harshe a kansu, tana faɗarsu kamar a can aka yanke mata cibiya.

Matata Binta ta ce, "Baban Hanifa, in ciwo yake sa maka ka kashe mana."

"Aiki nake bibiya."

"Aiki ne ya sa kake tsaki?"

Ƙyashin bai tsaya kan Rahila ba. Mai rubuta kati a asibiti da ke latsa waya, ɗiyata Hanifa da ke haɗa baƙi a littafin makaranta, har direban Keke da ke karanta allon hanya, duk ina jin haushinsu.

Ranar da Inna ta kira ta ce, "Wannan yarinyar da ta karɓe ka, muryarta garau, ka gaishe ta," ban ci tuwon dare ba.

A layin ganin likita kuwa ana shafe safiya. Wata rana na zauna kusa da wani dattijo daga wajen Jahun, Baba Haladu, da auduga manne a ido. Na gaishe shi, ya ce, "Wannan murya na san ta. Kai ne na rediyo? Ashe ku ma kuna ciwo."

Nasa idon karan dawa ne ya soke shi, aka zuba masa kwalli. Na bayansa ruwan sukari aka ɗiga masa. Wata mata kuma an kai ta wurin tsohuwar da ke lashe haki da harshe. Rabin bencin labarinmu ɗaya.

Tunda ba na iya rubutu, na sa Binta ta nuna wa yatsana inda ake danna ɗaukar murya a waya. Duk ranar asibiti sai in nemi izinin na kusa da ni in ɗauka. Ba zan ce tausayi kaɗai ya sa ni ba. So nake in koma da abin da Rahila ba ta da shi.

Rahilar ce ta zo duba ni da lemo, ta tarar ina sauraren muryoyin da na ɗauka. Ta saurari na Baba Haladu har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam Auwalu, wannan ai shiri ne. Ba ni in tace maka, kai ba ka ganin kwamfuta." Na so in ƙi, amma ba ni da wani. Ta haɗa kashi shida, ta kai wa shugabanmu da sunana.

Gyambon ya warke, ya bar tabo. Da idon dama ina ganin mutum, ba na ganin rubutu. Na hagu yana karatu amma yana saurin gajiya.

Kujerar labarai ba ta dawo ba. An tabbatar wa Rahila, ni aka bar mini shirin lafiyar manoma. Har yau in ta yi sallama a rediyo sai ƙyashin ya motsa. Ina addu'a a kai.

Na gode wa Allah da ya bar mini idon. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Binta da ta riƙe agogon magani, da Rahila.

In haki ya faɗa muku a ido, ku wanke da ruwa mai tsabta, in ya kwana yana ciwo ku nufi asibiti. Ban da nono, ban da kwalli, ban da maganin da likita bai rubuta ba. In jira ya kama ku a benci, ku tambayi na kusa da ku me ya kawo shi.

Inna ta saurari shirin farko. Ta kira ni ta ce bana ba a ɗiga wa kowa komai ba a gidanmu.